Modelin ko furofayil: wanne zan saya wa jitata a Legas?

Ishaya: Barkanku da yamma, manya da ƙanana. Shawara nake nema kafin in saki kuɗina. Asabar ina kaɗa jita a gidajen biki, Lahadi kuma a coci a Obalende, alhali a Agege nake zaune. Jigilar amfilifaya ta ishe ni, duk kwandastan da ya gan ta sai ya ce kuɗin kujera biyu. Wani mai shago a Alaba ya nuna mini tokumbo guda biyu, HX Stomp na Line 6 da fedal ɗin ToneX. Ya ce na farkon modelin ne, na biyun kuwa furofayil, wato kwafo sautin amfilifaya ta gaske yake yi, don haka ya fi. Kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka?

Murtala: ToneX, ɗan'uwa, kada ma ka tsaya dogon tunani. Da shi nake aiki a situdiyo a Surulere. Shi modelin, injiniyoyi ne suka zauna suka rubuta wa kwamfuta yadda suke zaton amfilifaya take aiki. Furofayil kuwa ba ruwansa da abin da ke cikin akwatin. Sautin gwaji ake tura wa amfilifaya ta gaske, a ɗauki abin da ta mayar, na'ura ta yi ta gyara kanta har nata ya zo daidai da na asalin. Christoph Kemper, Bajamushen da ya ƙera kibod ɗin Access Virus, shi ya fito da wannan hanya a 2011. Daga baya Neural DSP na ƙasar Finland suka kawo Quad Cortex, IK Multimedia na Italiya suka kawo ToneX a 2022, su kuma da ƙirƙirarriyar basira suke koyon sautin. Na sha kunna wa mawaƙa na asali da kwafin, su kasa rarrabewa.

Malam Sani: Murtala, ba zato suke yi ba, awo suke yi. Ni gyaran amfilifaya ne abincina a nan Agege, don haka bari in faɗi abin da ke cikin akwatin. Masu modelin buɗe amfilifayar suke yi su bi sakit ɗin gaɓa-gaɓa: bawul, kafasita, rizisto, tiransfoma, har yadda wuta ke ɗan sauka idan ka doki tsirkiya da ƙarfi ta sake hawa. Duk wannan suke mayarwa lissafi. Masu kushe modelin galibi jan POD ɗin nan na 1998 suke tunawa, wanda Line 6 suka fitar bayan AxSys ta 1996. An yi nisa tun lokacin. Fractal sun kawo Axe-Fx a 2006, Helix na Line 6 ya zo a 2015, HX Stomp kuma ƙanensa ne na 2018 mai sautuka iri ɗaya da shi.

Ga inda amfanin yake. A Fender Twin Reverb, maɓallan bes, mid da tirebul suna can gaba-gaba, bayan bawul na farko. Ba sa ƙara komai, ragewa kawai suke yi, kuma kowanne yana shafar ɗan'uwansa. Murɗa su duka uku zuwa sifili, sauti ya ɓace gaba ɗaya. A Marshall JCM800 kuwa sai bayan sautin ya riga ya yi kaushi suke zuwa. Shi ya sa ƙara bes a Fender yake sa ta dagule idan an buɗe mata murya, a Marshall kuma launin kaushin kawai yake sauyawa. Modelin mai kyau yana bin wannan halin, duk inda ka murɗa. Furofayil kuwa a saiti guda aka kama shi. Miya ce da aka riga aka sauke: kana iya ƙara gishiri, amma daddawar da ta narke ba ka iya tsamo ta.

Murtala: Ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma ai ba furofayil ɗaya ake yi wa amfilifaya ba. Ana kama ta tana kilin, wato babu kaushi, a kama ta ta fara kaushi, a kama ta a buɗe. A ToneNET, shafin masu ToneX, akwai dubbai kyauta, haka a Rig Exchange na Kemper. In wannan bai yi maka ba, ka sauke wani.

Malam Sani: A ɗakin situdiyo mai sanyi za ka iya zama kana zaɓe. Yaron nan a tsakiyar biki yake, mai waƙa ya juyo ya ce masa jitarka ta yi kaifi. Maɓalli zai taɓa, ba intanet zai shiga ba. Su Kemper da kansu sun ga wannan giɓin, shi ya sa a 2023 suka fito da Liquid Profile, wato furofayil da aka ɗora masa maɓallan modelin. Quad Cortex ma hanyoyin biyu gare shi a ciki.

Ladi: Sannunku. Ku gafarce ni, duk kun tsallake tambayar farko. Ishaya, idan sautin ya fito daga fedal ɗin, ina yake shiga?

Ishaya: Anti Ladi, a coci kai tsaye cikin miksa ne ta akwatin DI, ɗan akwatin da ke haɗa kayan kiɗa da miksa. A biki kuwa abin da masu hayar kaya suka kawo, wani lokaci ƙaramar amfilifayar jita, wani lokaci ta kibod, wani lokaci babu komai sai monita ɗaya da muke rabawa da mai bes.

Ladi: To a nan aikin yake, kuma ni da nake zaune bayan miksa duk ƙarshen mako ni nake kwasar sakamakon. Yawancin jitar da ke zuwa mini da mummunan sauti ba laifin modelin ba ne, ba kuma na furofayil ba. Ɓangaren akwatin sifika ne aka lalata.

Sifikar jita mai inci 12 ba ta fitar da komai da komai. Daga wajen 5,000 Hz sautinta yake fara mutuwa, can ƙasa ma haka, tunda tsirkiya mafi kauri ta jita 82 Hz take. Wannan gazawar ita ce daɗin. Ita ke tace tsatsar da distoshin, wato kaushin sauti, ke haifarwa a sama. Manyan sifikun taro kuwa suna da tuwita, suna kaiwa har kusa da iyakar jin ɗan Adam. In ka ba ni jita babu kwaikwayon akwati, duk tsatsar nan a kunnen jama'a za ta sauka, ko da furofayil ɗin amfilifayar da ta fi kowacce tsada ne.

Abin da ke cike wannan gurbin shi ne IR, wato kwaikwayon akwatin sifika. Ƙaramin fayil ne na WAV. Yadda ake samo shi: a tura wa akwatin sauti mai hawa daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz, a ɗauka da makirfo, kwamfuta ta cire sautin gwajin, abin da ya rage shi ne halin akwatin da makirfon da inda aka ajiye shi. Ku lura da wannan na ƙarshen. Shure SM57 a tsakiyar sifika kaifi zai ba ka, matsar da shi gefe kaɗan ya yi laushi, manna shi da ragar akwatin bes ya ƙaru. Royer R-121 a wuri ɗaya zai ba ka wani abu daban mai kauri. Sifikar Celestion Vintage 30 tana turo tsakiyar sauti gaba, Greenback ta fi ta taushi. Bar amfilifaya ɗaya ka sauya IR, sai ka rantse wata aka kawo. Bar IR ɗaya ka sauya amfilifaya biyu masu kama, da wuya na bayan coci su lura.

Abu biyu IR ba ya yi. Ba ya kama kaushi, don lissafinsa miƙaƙƙe ne, abin da ya shiga a hankali da wanda ya shiga da ƙarfi hanya ɗaya yake bi da su. Kuma gajere ne. HX Stomp yana karɓar samfur 1024 ko 2048, wato kimanin milisakan 21 ko 43. Amon ɗaki bai isa ya shiga ciki ba, sai ka ƙara ribab, wato amon wuri, da kanka.

Ishaya: Anti, to in na tarar da amfilifayar masu haya fa? In bar IR ɗin a kunne?

Ladi: Ya danganta da wadda ka tarar. Ta kibod da monita duk suna fitar da cikakken sauti, ka bar shi a kunne. Ta jita kuwa tana da sifikarta, ka kashe naka, in ba haka ba akwati ya hau kan akwati, sautin ya toshe. In tana da ramin Return a baya, nan za ka shiga, ka tsallake gabanta. Shi ya sa nake cewa ka ajiye kowane saiti kashi biyu, mai akwati da marar akwati. Wannan kuma ya shafi zaɓinka: furofayil da yawa amfilifaya da akwati da makirfo ne a dunƙule. Na'urar za ta iya ƙoƙarin raba su, amma ƙiyasi ne. In ToneX ka saya, nemi waɗanda aka kama amfilifayar ita kaɗai, ka ɗora IR ɗinka.

Sannan ka yanke ƙasa a wajen 80 zuwa 100 Hz, sama a wajen 6,000 ko 7,000, ka bar wa mai bes da mai kibod wurinsu. Kuma don Allah kada ka yi saiti da dare da hedifon a hankali ka kawo mini. Kunne ba ya jin bes da tirebul sosai idan sauti na ƙasa-ƙasa, Fletcher da Munson sun auna wannan tun 1933. Abin da ya yi maka daɗi a ɗaki, in an buɗe shi a zaure sai ya riƙa bugun ƙirji yana yankan kunne.

Baba Yakubu: Na karanta duka. 'Ya'yana, kuna da ilmin da ba mu samu ba. Ni Twin Reverb gare ni, wat 85, sifika biyu, bawul 6L6 guda huɗu, nauyinta kusan kilo 30. Da ita na yi hayilaif da juju a garin nan tun ƙarfina yana nan. Ɗana ya kawo mini irin na'urorin nan na gwada. Sautin ya yi, ban ƙi ba. Amma abin da nake ji a bayana idan na tsaya gaban Twin, iskar nan da ke dukan ƙafar wando, yadda tsirkiya ke amsa wa sifika ita ma ta amsa mata, ban same shi ba. Hannuna ya riƙa kaɗawa da ƙarfi yana neman abin da babu.

Ladi: Baba, gaskiyarka, kuma ba tsufan kunne ba ne. Kai akwatin kake ji da kansa, buɗaɗɗen baya, yana watsa sauti gaba da baya yana dukan bango. IR kuwa abin da makirfo ya ji ne daga tazarar yatsa biyu. Duk shekarun da ka yi, kai ka ji na farko, jama'ar da ke rawa a can nesa na biyun suka ji ta manyan sifiku. Mai son abin da ka faɗa sai ya kashe IR ya haɗa na'urar da akwatin jita na gaske. Sai dai nauyin da Ishaya ke gudu ya dawo.

Baba Yakubu: Allah ya yi miki albarka. Wannan bayanin ya zauna mini. Amma ni dai a bar ni da Twin.

Idi: Assalamu alaikum. Ni ɗan Nijar ne, irin jitar Agadas nake kaɗawa a bukukuwan 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba. Ina da tambaya ga Malam Murtala. Ni amfilifayar Roland JC-120 nake so, saboda koros ɗinta, wanda ke sa jita ɗaya ta ji kamar biyu. In na sami furofayil ɗinta, zan sami koros ɗin?

Murtala: Wa alaikumus salam. A'a, ba za ka samu ba. Duk abin da ke yawo da lokaci, koros, dile mai maimaita sauti, tiremolo mai karkaɗa shi, ribab, kashe shi ake yi kafin a kama amfilifaya, in ba haka ba na'urar ta rikice. Za ka sami kilin ɗin JC-120, koros kuma sai ka ƙara daga wani wuri. Ko ribab ɗin sifirin na Twin ɗin Baba haka ne.

Malam Sani: Madalla da wannan tambaya, Idi. JC-120 ta fito a 1975, tiransisto ce, babu bawul ko ɗaya. Koros ɗinta kuma a iska yake haɗuwa: amfilifaya biyu ne a ciki masu wat 60 kowacce, sifika ɗaya tana ba da sauti yadda yake, ɗayar tana ba da mai lanƙwasa. In kana son kusantar wannan sai ka fita da waya biyu, hagu da dama.

Wannan ya dawo da mu kan Ishaya. Furofayil ya fi nuna bajintarsa a wurin da amfilifaya ta fara kaushi, tsakanin kilin da distoshin, inda taɓin yatsa ke sauya komai. Masu rok da bulus can suke zaune. Mu kuwa me ake kaɗawa a coci da biki a Legas? Hayilaif, juju, makosa, sukus, waƙoƙin sujada. Kilin ne, da kwamfuresa, da koros, da dile. Mai kaɗa sebene, salon jitar Kwango, in ka ƙwace masa dile ka gama da shi, amma sauya masa Twin da amfilifayar AC30 zai ci gaba da aikinsa. HX Stomp yana jera abubuwa 8 a layi ɗaya yadda ka ga dama. Za ka ga Twin a ciki da sunan US Double, JC-120 da sunan Jazz Rivet 120, AC30 da sunan Essex A30, saboda sunayen asalin mallakar kamfanoninsu ne.

Murtala: Malam, a yi wa ToneX adalci. Da farko get mai toshe ƙugi, kwamfuresa, EQ da ribab kawai gare shi, amma daga baya an ƙara masa dile da su koros ta sabunta manhaja. Na yarda bai kai Stomp yawan kayan ado da 'yancin jera su ba. Amma ko a kilin ɗin, furofayil mai kyau na Twin yana da wani danshi a ƙarƙashin yatsa da nake ji. A rikodin, inda jita ke fitowa fili, wannan yana da daraja.

Haruna: Manya, a ba ƙarami dama. Akwai Neural Amp Modeler, NAM, wanda Steven Atkinson ya rubuta. Kyauta ne, kowa na iya ganin lambobinsa. Kana tura wa amfilifaya fayil na kimanin minti 3, ka ɗauki abin da ya fito, ka horar da shi, ko a Google Colab in kwamfutarka ba ta da ƙarfi. A shafin TONE3000 akwai kwafi da IR masu ɗimbin yawa. Yaya Ishaya, in kana da laftof da sawun-kad, ka fara jin yadda furofayil yake kafin ka biya ko kwabo. Abu ɗaya, ka kula da ƙarfin shigar jitar. In ya wuce wanda aka yi kwafin da shi, kilin zai zame maka kaushi ka ce kwafin ne ba kyau.

Ladi: Don gwaji a gida, shawara ce mai kyau. A dandamali kuwa ban so. Cajar laftof tana yawan jawo ƙugi cikin miksa, musamman a kan janareta. Maɓallin raba ƙasa na DI yana kashe shi wani lokaci, wani lokaci sai an cire cajar. Jinkiri ma sai an lura, kodayake mutane suna zuzuta shi. Milisakan 3 daidai yake da matsawa mita ɗaya daga sifika, ba wanda zai ji. In ya haura 10 hannu zai fara sanarwa.

Hannatu: Tunda an zo maganar kyauta, ina da abin faɗa. Furofayil da IR na sayarwa da ake turawa a guruf-guruf, wani ne ya sayi amfilifaya, ya kama ɗaki, ya ɓata kwanaki yana matsar da makirfo. Mu da muke kuka idan an kwafi waƙoƙinmu ana sayarwa ba mu sami komai ba, bai kamata mu yi wa wani haka ba. Na kyautan sun isa.

Murtala: Haka ne, Hannatu. Ni ma na daina karɓar irin waɗannan a situdiyo.

Malam Sani: Saura maganar wuta da gyara, wadda masu bidiyon Turai ba sa yi don ba ta dame su ba. Mu 230 muke a 50 Hz, Amurka 120 a 60. Amfilifaya mai bawul da aka shigo da ita daga can sai da tiransfomar rage wuta, kuma na ga da yawa da aka ƙona a rana ta farko. Wutar janareta in ta yi ƙasa, sautin mai bawul yana yin laushi, in ta yi sama bawul ya gajarta kwana. Bawul ɗin ma masana'antu kaɗan suka rage, a Sulobakiya da Rasha da Sin, shi ya sa a 2022 da yaƙin Yukren ya tashi suka yi wuya suka yi tsada. A nan na'urorin zamani sun yi nasara, yawancin cajarsu tana ɗaukar 100 zuwa 240.

Amma ta ɗaya gefen, Twin ɗin Baba ko me ya same ta zan buɗe in gyara. Na'urar dijital in babban cif ɗinta ya mutu, sai dai a nemi wani bod. Don haka duk wanda ka saya, Ishaya, ka haɗa da abin kare tashin wuta, in da hali ƙaramar UPS, domin in an ɗauke wuta aka koma janareta sai na'urar ta ɗauki daƙiƙoƙi tana tashi, waƙa kuwa ba ta jira. Ka yi amfani da cajarta ta asali. Stomp yana jan wuta da yawa, irin cajar ƙananan fedal ba ta ɗaukarsa. Tokumbo ne, ka duba ramukan waya da kyau, danshin Legas da gishirin teku suna cin su.

Ishaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yadda na fahimta, aikina ya fi karkata ga Stomp, tunda dile da koros da sauya saiti a tsakiyar waƙa su ne rayuwata. Zan gwada NAM a laftof ɗin ƙanena kafin Asabar. Anti Ladi, me zan riƙe in na koma shagon?

Ladi: Jitarka da wayar haɗa ta, ba tasu ba. Ka sa su haɗa maka da sifikar taro, su buɗe ta kamar yadda ake buɗewa a biki. Zaɓi kilin ɗaya a kowace na'ura, ka saka musu IR iri ɗaya, ka daidaita ƙarfinsu, domin wadda ta fi ƙara ita kunne zai ce ta fi daɗi. Sannan ka rage maɓallin murya na jikin jitar ka ji wacce ta bi ka.

Murtala: A wannan gwajin na ƙarshe nake sa ran ToneX zai ba ka mamaki. Ka dawo ka faɗa mana.

Haruna: Baba Yakubu, wata alfarma. Ka ba mu aron Twin na yini ɗaya mu kwafe ta da NAM a situdiyon Yaya Murtala, ita kaɗai babu akwati, sannan mu yi IR na sifikunta daban. Kowa a nan ya samu.

Baba Yakubu: Na yarda, amma ba ta fita sai da ni, kuma Malam Sani ne zai haɗa wayoyin.

Malam Sani: Zan zo. Haruna, ka riƙe wannan tun yanzu: amfilifaya mai bawul ba a kunna ta babu sifika ko akwatin lodi a haɗe, tiransfomar fita ce za ta ƙone, kuma ita ce mafi tsada a jikinta. Twin om 4 take so, ka tabbatar lodin da za ka aro om 4 ne kuma yana ɗaukar wat 100. Ka zo da akwatin riyam mai tura sautin kwamfuta cikin amfilifaya, Murtala ya tanadi SM57, ribab da tiremolo kuma a sifili za su zauna har mu gama.